Gado Mai Bene a Ɗakin Daso

Lahadi, bayan La'asar

Ɗakin yamma ya faɗi jiya. Ni na gina shi da hannuna a shekarar da rana ta yi husufi, kaji suka koma akurki da hantsi, mata suka fito suna salati. Mai son sanin shekarun ɗakin sai ya ƙirga daga nan. Duk daminun da ya gani bai ko tsage ba, sai ruwan bana ya durƙusar da shi kamar raƙumi. Allah ya taimaka da rana ne, yara suna tsakar gida suna cin ɗumame.

Ni Mainassara ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Ɗan ajamin da na tsinta a allo kafin babana ya mayar da ni gona, da shi nake wannan rubutu. Da ban taɓa neman takarda ba. A garin nan in ana gardamar wa ya girmi wa, ko ina iyakar gonar wane take, ni ake tambaya. To amma shekaranjiya na tashi ina cewa Laraba, ashe Juma'a ce, sai da na ga mutane da manyan riguna. Abin ya ba ni tsoro.

Ga yadda muke. Hinda 'yata ta zo daga Bande da 'ya'yanta biyar, su Hamisu da Hidaya, ruwa ya cinye musu gida, mijinta yana cirani a Kano. A ɗakin yamma na sauke su. Yanzu duk sun koma ɗakin uwarta Daso: ga su, ga gadon Daso, ga kwanukanta, ga buhunan gero da muka tsamo. Ni ina zaure.

Akwai ɗakin Muttaƙa. Shi ba a maganarsa.

Litinin, da hantsi

Daso ta kawo mini koko ta tsaya, ba ta tafi ba. Na san tsayuwar.

Ta ce, “Malam, Hidaya a kan cikina ta kwana. Ƙafar Hamisu tana bakina.”

Na ce, “To ki cije shi mana.”

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ta kalli gabas, inda kwanon rufin ɗakin Muttaƙa ke walƙiya.

Bari in rubuta sau ɗaya, don kada a ce ban faɗa ba. Muttaƙa autana ne. Shi ya gina ɗakin nan da guminsa, bulo da siminti, rufin kwano, ba irinsa a unguwarmu. Na aurensa ne. Bayan ƙaramar salla ya ce zai sake hawa arewa cirani ta Hamada sau ɗaya, ya haɗo abin da ya rage. Ya kulle ɗakin, ya durƙusa a nan zauren ya ba ni makulli. Ya ce, “Baba, kada kowa ya riga ni kwana ciki.” Na ce to. Namiji in ya ce to, ya ce.

Makullin yana wuyana tare da laya.

Talata, Azahar

Hinda ta sake kiran lambar Muttaƙa. Matar nan mai Faransanci ce ta amsa, abin da take faɗa kullum. Hamada ce, ina waya za ta shiga.

Alhamis, da yamma

Babban ɗana ya zo a kan babur. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, Na-Magarya nake ce masa, can yake da shagon kayan babur. Ya zagaya ɗakin da ya faɗi, ya leƙa na uwarsa, ya dawo ya zauna nesa da tabarmata.

Ya ce, “Baba, ko na ɗan lokaci ne, kafin ruwa ya ɗauke…”

Na ce, “Ɗakin nan da mai shi.”

Ya riƙa wasa da makullin babur. Can ya ce to akwai wata dabara, tunda ƙasa ta cika sai a hau sama. Ya ciro salularsa ya nuna mini hotunan gadaje, wani a kan wani. Gado mai bene. Na taɓa ganin irinsa ta tagar barikin soji a Damagaram, ban san farar hula ma na kwana a kai ba.

Iri-iri ne. Akwai na ƙarfe hawa biyu, akwai na katako mai tsani kamar na masallacin birni. Akwai hawa uku. Akwai wanda na ƙasa ya fi faɗi, na sama siriri. Akwai wani ma da ake jawo ƙaramin gado daga ƙarƙashinsa da dare, da safe a tura shi ya ɓace.

Daso ta miƙo wuya ta gani. Ta ce, “Jikokina hatsi ne da za a jera su a rumbu?”

Hamisu, babban ɗan Hinda, shi ne abokin faɗana a gidan nan. Ya ce, “Ni ne a sama! In tsoho ya shigo in tofa masa yawu a sanƙo.” Na ce in ya faɗo ni zan auri matarsa. Yara suka yi ta dariya. Rabon gidan nan da dariya an jima.

Na ji sanyi a raina. Ga hanya Allah ya kawo.

Da Na-Magarya zai tafi na ce, “Ba wani labari?” Ya ce babu, yana kallon tayar babur.

Juma'a, bayan an sauko

Liman ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce mutanen Kwaya sun shimfiɗa tabarmin makoki saboda yaransu biyu, za a je gaisuwa gobe, ko za ni? Na ce ƙafata na ciwo. Ya ce ai mota ɗaya suka shiga da Muttaƙa daga Agadas, in ji masu faɗa. Na ce masu faɗa suna cikin motar?

Motoci nawa ke tashi daga Agadas.

Asabar, da safe

An tafi Kwaya. Ina jin amalanke ta wuce, ban leƙa ba.

Na zauna ina tunanin gadajen nan ɗaya bayan ɗaya. Na jawowa ban yarda da shi ba. Daɓen ɗakin Daso ya jiƙe, har kwaɗi ke shiga, kuma duk abin da ya wuni a duhu ƙarƙashin gado kunama ta riga ka sanin wurinsa. Na katako ya fi kyau a ido. Amma na san garar gidan nan, ni da ita mun girma tare, ta cinye akwatin auren uwata a damina ɗaya. Ƙafar katako a kan ƙasa mai laima, kyauta ce aka kai mata.

Na ce wa Daso ko in kafa ginshiƙai in ɗaura gadon kara hawa biyu da kaina. Ta ce, “Kai da ɗakinka ya faɗi?”

Wannan maganar ta yi mini zafi. Ban ci tuwo ba.

Ranar kasuwar Dungas, da yamma

Na hau kabu-kabu na je wurin Tamu mai walda. Na san kakansa, maƙerin garmuna ne, shi kuwa da wuta mai tartsatsi yake aiki, da baƙin tabarau kamar makaho.

Ya ce, “Baba Mainassara, amarya za a yi ne? Gado mai bene, kai sama ita ƙasa?”

Na ce, “Ubanka ma bai yi mini wannan wasan ba.”

Ya yi dariya ya kawo mini benci. Yaron ya san aikinsa. Ya ce hawa uku sai ɗaki mai tsawo, soro irin namu na sama zai riƙa goga hanci a azara. Ya ce in ya haɗe shi da wuta gaba ɗaya ya fi ƙarfi, amma ba zai shiga ƙofar soro ba sai an fasa bango. Gara mai bulon, wato kusoshi masu murɗawa, a kawo shi a wargaje a ɗaura a ciki. In an tashi sauya masa ɗaki ma a kwance.

Na ce ba inda za a sauya masa.

Ya ce to in auno masa abu uku: faɗin ƙofa, daga ƙasa zuwa azara, da tsawon yaron da ya fi tsawo. Ya miƙo mini metir ɗinsa na awo. Na ce lambobin nasara ba sa yi mini magana, zan auno da abin da na sani.

Ina fitowa na hangi mahaifin yarinyar da Muttaƙa zai aura, a rumfar masu goro. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ruwa, ya tambayi gero, ya tambayi ƙafata. Bai tambayi abin da ya saba tambaya ba.

Washegari

Ba zan rubuta na yau ba.

Laraba ce, in ji Hinda. La'asar

Zan rubuta. In na bar shi a ciki zai ci ni.

Jiya da hantsi na zaro kara daga danga, dogo miƙaƙƙe. Na auna ƙofa na yi masa tsaga da wuƙa. Na auna bango. Sannan na kira Hamisu na ce ya kwanta a tabarma. Ja'irin ya miƙe sambal, ya haɗa ƙafafu, ya rufe ido don ya ba ƙannensa dariya. Na shimfiɗa karan a gefensa daga kai zuwa diddige, na kama inda zan karya.

Wallahi tallahi ban ga abin da nake yi ba. Ni da na auna mutane nawa a garin nan. Duk wanda ya riga mu, ni ake kira in kawo kara in auna shi a kai wa masu haƙa. Hannuna ne ya yi abin da ya saba.

Daso ta fito daga madafa. Ƙwaryar hannunta ta faɗi. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba, tun da aka kawo ta gidan nan.

Ta fizge karan ta kakkarya shi a gwiwa, tana cewa, “Tashi! Hamisu tashi! Tashi na ce!” Yaron ya zabura yana kuka bai san laifinsa ba. Ta juyo kaina. Ta ce, “Ɗaya bai ishe ka ba, Malam?”

Hinda ta toshe bakinta da zane.

Na ce, “Wane ɗaya?”

Daso ta tsince guntayen karan duk, ta kai murhu ta tsaya har suka zama toka.

Da yamma na sake awon da igiya, na ƙulla mata ƙulli uku. Yaron a tsaye na auna shi, jikin bango.

Alhamis

Daso ba ta yi mini magana ba. Hidaya aka aiko da koko.

Juma'a, Azahar

Hadari ta gabas, baƙi ƙirin. Da in na ga irinsa hamdala nake yi. Yanzu rufin ɗakin Daso nake kallo.

Asabar, bayan Magariba

Na-Magarya ya zo, ba ranar zuwansa ba ce. Ya ce an kira shi wurin jandarma, ya je ya dawo. Ya tsaya nan, yana jira in tambaya. Na ga aljihun rigarsa ya yi nauyi gefe ɗaya, hannunsa na kai.

Na ce, “Ka biya wurin Tamu?”

Ya ce, “Baba.”

Na ce, “Na ƙarfe na zaɓa, mai bulon. Ƙasa mai faɗi, ƙananan uku su kwanta a gicciye. Sama Hamisu da mai bi masa. A sa musu ƙarfe a gefe kada su mirgino. Ka ji ko ba ka ji ba?”

Ya ce ya ji.

Ya shiga wurin uwarsa ya daɗe. Na ɗauki buta na fita bayan gari, na zauna gindin gawo har sauro ya kore ni. Da na dawo idon kowa ya kumbura. Hayaƙi ne, itacen duk ya jiƙe.

Lahadi

Na ce wa Hinda ta kira lambar. Ta ce caji ya ƙare. Na ga wutar salular tana ci.

Talata, da hantsi

Liman ya zo har zaure. Ya yi ta kewaye, wai akwai salla da ake yi wa wanda yake nesa, ba sai an ga komai ba. Na ce na san ta, na san shekarar da aka fara yin ta a garin nan da wanda aka yi wa. Na kuma san wani Wada na Bande da aka yi wa ita, aka raba awakinsa, bayan damina biyu sai ga shi da ƙafarsa ya shigo kasuwa. Liman ya ce haka ne, Allah mai iko ne. Ya ce, “Amma Wada ba a kawo kayan aljihunsa ba.”

Na ce rana ta yi, zan duba gona.

Geron ya yi kyau bana. Muttaƙa ne ya yi mini huɗar farko kafin ya tafi.

Alhamis, La'asar

Gado ya zo a amalanke, a wargaje, an shafa masa shuɗin fenti. Unguwa duk ta taru kamar an kawo kura. Tamu ya shiga da ƙarafan ɗaya ɗaya ya ɗaura. Sai da aka fitar da kwanukan Daso aka jera a zaure kusa da kaina. Na-Magarya ya aiko da matala biyu sababbi, wato katifu.

Gadon ya zauna daram. Igiyata ba ta yi ƙarya ba.

Hamisu ya haye kafin a gama murɗa bulon na ƙarshe. Ya leƙo ya ce, “Tsoho, yau na fi ka. Ko sarki bai kwana a nan ba.” Na ce sarkin birai dai. Ba ya iya zama sosai, sai ya sunkuyar da kai, tsakanin matala da azara bai fi kamu ɗaya da rabi ba. Amma kwana za a yi, ba zaman fada ba.

Tamu yana kan tsani ya sa yatsa ya danna rufin. Na ga yatsan ya shiga. Ya danna wata azara, ya dubi abin da ya biyo hannunsa.

Ya ce a hankali, “Baba, rufin nan ya sha ruwa ya ƙoshi. Ga gara ta gama da wannan. Ni dai da ɗana ne…” Ya kalli gabas shi ma. Kowa gabas yake kallo a gidan nan.

Na ce, “Walda aka kira ka ko gini?”

Ya sauko ya tattara kayansa. Bai yi mini wasa ba da zai tafi.

Juma'a, bayan Asuba

Sun kwana lafiya. Daso ta ce ta miƙe ƙafa karon farko. Ka gani.

Asabar

Lafiya. Yayyafi kawai. Na hau na ƙara ƙasa a rufin, na daddaɓe da ƙafa. Hinda tana ƙasa tana cewa in sauko, nauyi nake ƙara masa. Me mace ta sani a rufi.

Na duba azarar da kaina da ba kowa. Bai kamata in duba ba.

Lahadi, Azahar

Ruwa tun safe. Ina zaure, kunnena yana ɗakin Daso. Kowane ɗigo ina jinsa a ƙirjina. Na kama makullin ta cikin riga na saki, na kama na saki.

Na ce to. Ya durƙusa a nan, daidai inda kwanukan nan suke, na ce masa to. In na buɗe, ya zo ya tarar da fitsarin yara a ɗakin amaryarsa, in ce masa me? In kuwa na buɗe don na san ba zai…

Ruwan ya tsagaita.

Litinin, bayan Magariba

Zan rubuta yadda abin ya faru.

Da Azahar ruwa ya dawo da iska. Yara suna ɗaki, ba wurin wasa a waje. Hamisu yana sama, tunda aka kawo gadon can yake wuni. Ban ji ƙara mai yawa ba. Wani ɗan sauti ne kamar an sauke buhu. Sai muryar Hinda.

Ban san yadda na tsallake tsakar gida ba. Na tarar da sama a buɗe, ruwa na zuba a kan gadon, ƙasa ta rufe matalar sama, ƙafa ɗaya ta leƙo. Ƙafar da na auna. Na hau tsanin nan da na ce ba zan taɓa hawa ba, ina tono da hannu, Hinda na tono, Daso ta kwashe ƙananan ta yi waje. Azarar ta karye ta faɗo, sai ƙarfen gefe ya tare ta, ta tsaya a karkace kamar ɗan yatsa biyu daga wuyansa. Muka jawo shi. Bakinsa cike da laka. Na sa yatsa na ƙwaƙulo, na juya shi na buga bayansa. Shiru. Na sake bugawa. Sai ya yi tari.

Goshinsa ya tsage, an kai shi wurin likita a kan babur ɗin maƙwabci, an ɗinke. Sun ce zai warke.

Maƙwabta na cewa gadon ne ya cece shi, ƙarfen Tamu ya yi rana. Wa ya ɗora shi can kusa da rufin?

Da aka dawo da shi na tsuguna na ce, “Kai, sarkin birai, ka sauko?” Ya dube ni. Ya ce, “Sannu, Kaka.” Bai taɓa ce mini Kaka ba. Ya juya fuska jikin uwarsa.

Daso ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini. Ta zo ta zauna bakin zaure, jiƙe sharkaf, zanenta duk laka. Can ta ce, ba ni take kallo ba, “Ni na haife shi, Malam. Da yana nan ya ga yau, da ƙafa zai ɓalle ƙofar nan, ba zai tsaya neman makulli ba.”

Haka ne. Haka yake. Yaron da ke ɗauko 'ya'yan Hinda biyu a wuya ya zaga gari da su.

Na ce, “Abin da Na-Magarya ya kawo, yana wurinki?”

Ta ce yana nan.

Na ce ta bar shi tukuna.

Yau matan da yara za su kwana gidan Liman, ya aiko a kai su. Ni ina nan.

Gobe in Allah ya kai mu, in na fito masallaci zan cire igiyar nan daga wuyana in buɗe da hannuna, ba zan ba kowa ba. Zan shiga ni kaɗai in ɗan zauna, kafin a kawo tsintsiya. Sannan in aika wa Tamu ya zo da abin murɗa bulon ɗinsa, ya faɗi duk abin da ya ga dama, zan ji. In an ɗaura gadon yara sun shiga, zan sa farar rigata in nemi mai kai ni Kwaya. Na makara, amma tabarmar ba ta naɗuwa ga tsoho. Zan ce musu ya haƙuri. In suka ce mini ya namu haƙurin, ban san abin da bakina zai amsa ba. Zan dai je.